Hannun da Kawu Ya Ɗaure

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma ranar Litinin da hantsi, a ɗakinsa da ke Chalawa, bayan zazzaɓin da bai cika kwana biyu ba. Ina bakin aiki a Bompai, inda nake gadin wani sito, sai babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa yi min magana ba tare da ta fara da tsiya ba. Ran nan sai ta ce, "Baba ya cika," ta kashe wayar. Na miƙa wa abokin aikina makullai, na tari adaidaita sahu. Daga Bompai zuwa Chalawa sai ka ratsa Kano kaf, kuma duk tsawon hanyar ba abin da nake kallo sai wata igiya da direban ya ɗaure madubinsa da ita. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Har yau da nake rubutun nan bai zo ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma maɗori ne, gadon gidansu. Shekara talatin ya yi yana jan fata a kamfanin jima, amma ba wanda ya zo gaisuwa saboda fata. Da aka busa jiniyar tashin ma'aikatan safe sai ga su layi-layi, wasu ko takalmin roba ba su cire ba, warin jima na biye da su har kan tabarma. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Mutum zai durƙusa ya ce Allah ya jiƙan Malam, a shafa fatiha, sai kuma ka ga ya ɗaga kafaɗa yana jujjuya ta. "Wannan buhu ne ya fitar da ita, Malam ya mayar." Wani ya naɗe wando ya nuna ƙoƙon gwiwa. Wani dattijo mutumin Nijar da ke dako a Sharaɗa ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu, ya ce, "Wagga ƙahwa, cikin baro anka kawo ni. Da ita na koma gida." Mai sayar da abinci a bakin kamfani ma ta aiko daga cikin gida a gaya wa maza cewa wuyan hannun da take tuƙa tuwo da shi aikin Malam ne.

Ni ina gefe, hannun damana a cikin riga. Kowa a wurin ya san dalili, shi ya sa ba wanda ya dubi wajen. Gwiwar hannuna ta dama ba ta lanƙwasuwa. A miƙe take kamar taɓarya yau shekara goma sha huɗu, hannun ba ya kai wa bakina, ba ya kai wa fuskata. Shi ma Kawu ne ya ɗaure shi.

Tun kafin ma'aikatan su zo, da aka ajiye gawar za a yi mata salla, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, wannan bawan Allah ya gama nasa. Duk wanda ya san ya taɓa saɓa masa, ya dubi Allah ya yafe." Sahu ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun yafe." Ni bakina bai motsa ba. Ba ƙi na yi ba, ba kuma yarda na yi ba, leɓɓana ne suka tsaya a inda suke. Maƙwabcin da ke kusa da ni ya lura, kafin la'asar maganar ta shiga cikin gida ta sami Inna, mahaifiyata. Ba ta aiko a kira ni ba.

Taubashiyata ce ta ce in rubuta wani abu a kan babanta, wai ni ne mai ɗan boko a dangi, kada 'ya'yanmu su tashi ba su san shi ba. Na ce mata ta dai san wanda ta sa. Ta ce ta sani. To ga shi nan, da hagu nake rubutawa.

Kawu gajere ne, siriri, amma yatsunsa kamar aro ya yi a wajen wani ƙato. Ruwan jima ya cinye masa farce tun da daɗewa. In ya taso daga aiki ya yi wanka, sai ya shimfiɗa buzu a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zauna yana kallon hanya. Ba fuska yake fara duba ba, tafiya yake dubawa. Kafin ka yi sallama ya gama karanta ka, har ya san kamfanin da kake. Wanda ya zo wuya a ƙage yana jan gwiwa, ɗan dakon buhu ne. Wanda idon sawunsa ya kumbura, a tsaye yake wuni gaban inji. Irinsu masu jan ɗanyar fata kuwa, wuyan hannu ne da kwankwaso. "Kai," zai ce wa mutum tun yana nesa, "wa ya aike ka ɗaukar buhu biyu? Mai kamfanin ya ce zai ba ka 'yarsa ne?"

Na zauna a gidansa shekara huɗu lokacin da na samu aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kafin in yi aure. A nan na ga wata al'ada tasa. Duk Juma'a sai ya sayo ƙafar saniya a wajen mahauci, kuma matarsa ba za ta ɗora tukunya ba sai ya gama da ita. Zai sa wuƙa ya buɗe gaɓar a hankali, duk wanda tsautsayi ya sa yana kusa ya sha karatu.

"Duba nan," yakan ce. "Ƙashi biyu ba sa taɓa juna. Ranar da suka taɓa, mutum ya shiga uku." Sai ya nuna farin guringuntsin da ya lulluɓe bakin kowane ƙashi, ya ce ka shafa ka ji santsi. Ya nuna jijiyoyin da suka riƙe su ta gefe da gefe, kada su rabu. Daga nan ya lakato wani ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya murza a yatsa. "Wannan shi ne giris ɗin Allah. Ba a saye, ba a ɗurawa. Motsi ne yake kawo shi. Abincin gaɓa motsi ne, ka hana ta, ta bushe."

Kowace gaɓa da halinta a wajensa, kamar mutanen unguwa. Kafaɗa da ƙugu, mulmulallen kan ƙashi ne yake zaune a cikin ƙoƙo, shi ya sa suke juyawa ko'ina. Ƙoƙon ƙugu yana da zurfi, na kafaɗa ba shi da shi, don haka kafaɗa ce mai yawan fita yawo. Gwiwar ƙafa da ta hannu kuwa ƙyaure ne, buɗe da rufe kawai suka sani. Babban yatsa, in ji shi, shi ya raba mutum da akuya. Har ƙoƙon kai ma yakan ce gaɓoɓi ne da shi, a duba maɗigar jariri, daga baya ne suke haɗewa su yi shiru. Amma wadda ya fi tsoro ita ce gwiwar hannu. "Duk cikin gaɓoɓi ba mai riƙo kamarta. Ka ɓata mata rai sau ɗaya, ba ta mantawa." Da kunnena na ji wannan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ba ya son ganin mutum yana salla sama-sama. Ba wa'azi yake yi ba, shi abin da ya dame shi daban. Cewa yake yi sau biyar a rana ake zagaya gaɓoɓin mutum ɗaya bayan ɗaya, daga wuya har yatsun ƙafa, kyauta, amma sai ka ga ƙato yana yi kamar ana korarsa.

Akwai wata safiya da aka kawo masa wani ma'aikaci a kan babur, baki a hangame, yawu na zuba. Hamma ya yi muƙamuƙinsa ya goce. Mutane sun taru, wasu na cewa iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Kawu ya naɗe manyan yatsunsa biyu da tsumma, ya zura su a bakin mutumin ya danna turamen haƙoransa ƙasa, ya tura baya. Muka ji ƙas. Bakin ya rufe. Kawu ya goge hannu ya ce, "Daga yau in za ka yi hamma, ka yi ta daidai albashinka." Mutumin na dariya yana riƙe da haɓa. Ya zo gaisuwa ranar Talata, shi ya tuna min.

Sana'arsu tana da doka guda wadda ba a wasa da ita: ɗaurin wani, wani ba ya kwance shi. Wanda ya ɗaure, shi zai kwance. Rabin dokar girmama juna ce tsakanin maɗora, rabi kuma tsoro, don an yi imani in baƙon hannu ya taɓa zaren, tofin da aka yi ya karye, ƙashin ya koma inda ya fito. Kowa a Chalawa ya san wannan, har waɗanda ba su taɓa ko targaɗe ba.

Da damina abin ya same ni. Na taka man inji a wajen aiki, santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da tafin hannun dama. Da na ɗago sai na ga gwiwar hannun ta fito ta baya. Ogan sashenmu ya ce a kai ni asibiti. Na ce asibitin me, ni da kawuna yake Chalawa? Da alfahari na faɗa, ban manta ba.

Mutum biyu suka riƙe ni, Kawu ya ja, gaɓar ta koma da wata ƙara da har yanzu nake jin ta a haƙorana. Ya lalluba ya ce akwai 'yar tsaga a bakin ƙashin. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera tsagin gora, ya ɗaure hannun a miƙe tun daga hammata har wuyan hannu, yadda ya ga ubansa yana yi. Ya ce, "Kwana goma sha biyu. Ko wuni ɗaya ba zan ƙara ba, ka san halinta. Kar ka bari kowa ya taɓa."

A kwana na biyar saƙo ya zo daga ƙauyenmu, can bakin iyakar Nijar, cewa yayansu babba yana kwance rai a hannun Allah. Kawu ya ce mako guda zai yi. Tsohon kuwa sai da ya yi mako uku kafin ya cika. Aka yi makoki, ruwa ya cinye hanya, shi ma Kawun zazzaɓi ya kayar da shi. A lokacin ba waya a ƙauyen. Na aika ta bakin direbobi sau uku, sau ɗaya amsa ta dawo: ya ce yana tafe.

Da aka kwana ashirin na tafi Dorayi wajen wani maɗori. Ya dubi ƙullin zaren kawai ya janye hannunsa. "Ɗaurin Malam na Chalawa ne wannan. Ɗana, ko ƙuda ne ya sauka a kai ba ni zan kore shi ba."

Da aka kwana talatin na ɗauko reza. Inna ta zo jinyata tun farkon abin, tana ɗakin. Ta tashi ta tsaya a gabana ta ce, "Ka yanke zaren nan, ka yanke tsakanina da ɗan'uwana." Na ce to bari in je asibiti su su kwance. Ta ce, "A ce ɗan ƙanwarsa ne ya kai aikinsa asibiti? Ina Yaya zai sa fuskarsa a garin nan?" Na ajiye rezar. Ba yaro ba ne ni a lokacin, shekarata ashirin da bakwai, da gemuna. Ni ma ina tsoron tofin ya karye, gaskiyar ke nan, kuma ban cika son faɗinta ba.

Ranar kwana hamsin da ɗaya Kawu ya dawo, ya rame kamar ba shi ba. Ko cikin gida bai shiga ba, a zaure ya tsaya da jakarsa a kafaɗa ya kwance ni. Hannun ya shanye, fatar tana saɓa. Ya ce, "Lanƙwasa." Na yi, ba abin da ya motsa. Ya kama da hannu biyu ya danna, na yi ihun da ya fito da matan gidan. Faɗin yatsa biyu ta motsa, ta tsaya. Ya daɗe yana riƙe da ita, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na zuba masa ido ina jiran abin da zai ce. Ya ce, "A kawo ruwan ɗumi."

Wata uku yana gasa ta safe da yamma. Daga baya na je asibitin da kaina, ba wanda ya hana ni wannan karon. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya nuna min inda sabon ƙashi ya toho a wurin da bai kamata ba, ya cike gaɓar. Ya tambaye ni kwana nawa hannun ya yi a ɗaure. Na gaya masa. Ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Inji hannu biyu yake so, don haka aikin Sharaɗa ya ƙare, na koma gadi. Wannan bai dame ni ba kamar ƙananan abubuwa. Alwala da hannu ɗaya. Kabbara, hannu ɗaya a kunne ɗaya yana nuna gabas. Maɓallin wuyan riga. Amma duk ba kamar cin abinci ba. Mutum ya tashi tun yana rarrafe ana buge masa hagu in ya kai ta kwano, ran nan a wayi gari ba shi da wata sai ita. Na daina ci a cikin mutane. A wajen aiki bayan sito nake zagayawa da kwanona.

Kalma ɗaya nake jira daga wajen Kawu. Na san manya ba sa ba yara haƙuri, ban kuma ce ya durƙusa min ba. Ko "abin nan ya dame ni" ya isa. Bai faɗa ba. Abin da ya yi shi ne ya sassaƙa wani cokali mai doguwar mariƙa, ya ba taubashiyata ta kawo min. Ta ce, "Ga shi in ji Baba, wai ka gwada, ko ka huta da cin amanar dama." Ban yi dariya ba. Na jefa shi ƙarƙashin gado, daga baya matata ta tsince shi, da shi take dama kunu har gobe.

Rigimarmu da Kawu guda ɗaya ce, a sunan jikansa na fari. An fito da tuwo, Kawu ya kira ni da kansa a gaban mutane ya ce in zo mu ci. Ba yadda zan yi, na zauna, na sa hagu. Wani baƙo daga dangin uban jaririn, bai san komai ba, ya ce, "Haba malam, da hagu? Kai ba Musulmi ba ne?" Na dubi Kawu, na ba shi lokaci ya yi magana. Ya sunkuyar da kai yana murza loma. Sai na ce wa baƙon, "Ku tambayi wanda ya ɗaure." Na tashi na wanke hannu na tafi. Inna ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Tun daga ranar abin da ya rage tsakanina da shi bai wuce gaisuwar salla ba. In durƙusa in ce, "Kawu, kun yi salla lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ya hannun?" In ce, "Yana nan." Ya ce madalla. Ba na zama, ko ruwa ba na sha. Haka muka yi ta yi har ya bar aikin kamfani, har ya tsufa, ni kuma na yi furfura a gemu.

Ranar da ya rasu, da na iso, mai wankan gawa ya leƙo ya ce a samu namiji na jini ya shigo. Kawu bai bar ɗa namiji ba, sai aka dube ni. Na shiga. Mai wankan ya ce in taya shi tausasa gaɓoɓin kafin jikin ya sandare, a lanƙwasa kowace a miƙar da ita a hankali, don wanka da likkafani su yi sauƙi. Na fara da yatsu, waɗancan manyan yatsun. Na yi wuyan hannu. Na zo gwiwar hannunsa ta dama, na kama da haguna na lanƙwasa. Ta tafi sumul har tafin ya taɓa kafaɗarsa. Tsoho mai shekara kusan tamanin, gawa, amma ko ƙara ba ta yi ba. Na miƙar, na sake lanƙwasawa. Na sake. Sai da mai wankan ya ce, "Ya isa, bawan Allah." Ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba. Na dai lura cewa tana da santsi.

Ranar Laraba aka yi sadakar uku. An gama addu'a, mutane sun fara raguwa, sai ga wani magidanci ya sauka daga babur, hannunsa rataye a wuya. A kamfanin shinkafa yake a Sharaɗa, yana zaune a Na'ibawa, kuma tun da ya ji ciwo bai fita ba, don haka bai ji labari ba. Ya yi sallama, ya dubi tabarmi, ya dubi gindin darbejiya. Ya ce, "Malam ya ce in dawo yau ya kwance ni."

Aka gaya masa. Ya yi salati ya zauna a ƙasa. Sai wani ya ce to yanzu wa zai kwance? Wani ya ce a kai shi Dorayi. Wani tsoho daga ƙauyenmu ya ce ba maɗorin da zai taɓa, sai dai a aika gida a nemo wani daga zuriyar, ko da zai ɗauki mako biyu. A nan ne na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, karo na farko a kwana uku, kuma ba kuka ba ne, zafi ne. Na miƙe na ce, "Ba wanda zai jira kowa. A ba ni reza."

Magidancin ya ce, "Ai ba sai da reza ba."

Na durƙusa a gabansa, sai a lokacin na dubi ɗaurin da kyau. Gwiwar hannu ce, ta dama, irin tawa. Amma ba a miƙe aka ɗaure ta ba. A lanƙwashe take, tafin hannun yana kan ƙirjinsa, dab da haɓa. Ƙullin ma ba irin wanda na kwana hamsin da ɗaya ina kallo ba ne. Ƙulli ne irin na mazagin wando, da bakin zare guda yana reto.

Ya ce, "Malam ya ce in ranar ta zo ban same shi ba, ko ya yi tafiya, ko wani abu, in ja nan da kaina. Ya ce kar in jira shi, kar in jira kowa, ko matata ta ja ya yi. Sai da ya sa na maimaita masa."

Na sa yatsa biyu na hagu na ja. Zaren ya warware gaba ɗaya, gorar ta zube a kan tabarma. Na ce masa, "Miƙe." Ya cije leɓe ya miƙar, ba duka ba. Na ce, "Lanƙwasa." Ya lanƙwasa, yatsunsa suka taɓa bakinsa. Na ce ya riƙa yi kullum, safe da yamma, ko yana ciwo, kuma ya je a ɗauki hoto a gani.

Ya ce, "Haka Malam ya ce, har da hoton. Ni na ma tambaye shi don me ya naɗe min shi haka kamar mai roƙo. Ya ce in ma hannu zai sage, gara ya sage kusa da baki."

Daga kan tabarma wani ya ce shi ma da irin ƙullin nan aka ɗaure shi. Wani ya ce shi ma. Dattijon nan na Nijar ya ce a'a, shi a zamaninsa ba haka ba ne. Sai muryar taubashiyata ta fito daga bayan ƙyauren zaure, ashe tana tsaye tana ji. "Tun shekararka ya canza. Maɗoran garin nan sun daina gaishe shi a kan haka, wai ya zubar da gado. Kai kaɗai ne ba ka sani ba, tunda ba ka zama."

Na ce, "Me ya hana ki gaya min?"

Ta ce, "Shi ya hana. Ya ce kada ka ce da hannunka ya koyi aiki."

Kuma da an gaya min a lokacin, abin da zan ce ke nan. Ya san ni.

Na tattara gorar na ajiye a gefe. Na shiga cikin gida, na ratsa mata, na sami Inna a ɗakin matar Kawu, ita kaɗai a kan tabarma da carbi. Kwana uku ke nan ba mu haɗa ido ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Liman ya tafi, Kawu yana ƙarƙashin ƙasa, ban san wanda ake gaya wa irin wannan maganar ba in ta makara. Na ce, "Inna, ku shaida. Na yafe wa Kawu, duniya da lahira. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci."

Ta ce amin. Ta ci gaba da jan carbinta, ba ta ɗago ba. Har na yunƙura zan tashi sai na ji ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba:

"To ni fa?"

Shekara goma sha huɗu ban taɓa sa ta a cikin maganar ba, ashe ita ba ta taɓa fitar da kanta ba. Na koma na zauna. Na ce, "Har da ku, Inna." Ta ajiye carbin, ta matso, ta zura hannu cikin rigata ta kama gwiwar hannun. Rabonta da ta taɓa shi tun yana ɗaure.